Zuwa ga ɗanmu da ya shiga jami'a: kada ka baro tarbiyyar allo a gida



Ya ku ƴan'uwa, kowace shekara idan sakamakon bak ya fito mukan yi wa ƴaƴanmu addu'a a masallaci, mu raka su tasha. Wannan ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wancan Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, wani André Salifou a Damagaram, wani Djibo Hamani a Tahoua. Shekara na zagayowa sai wasunsu su dawo jiki a sanyaye. Da su nake magana yau, maza da mata, amma iyaye ku karanta ku tura musu.

Ɗana, a sakandare malami ya san sunanka, ranar da ka yi fashi labari zai kai gida. A jami'a za ka zauna cikin ɗaruruwan ɗalibai, malami ya yi bayaninsa ya fita, babu mai tambayar ina ka shiga. Lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, kuma darasin da ka faɗi bashi ne da zai yi ta bin ka. Zango ba shi da tsawo. Idan yajin aiki ya ci makonni aka matse sauran, sai ka ga jarrabawa a bakin ƙofa, takardu sun taru, kai kuma ba ka buɗe ko ɗaya ba.

A ganina maganin wannan yana hannunka tun kana ɗan shekara bakwai. Tuna makarantar allo. Malam ba ya ƙara maka karatu sai ka biya na jiya, ba a wanke allo sai abin da ke kansa ya zauna a ka. Kaɗan ake ɗauka kullum, a maimaita, a karanta wa wani ya gyara. Ka taɓa jin alaramman da ya haddace izu sittin a daren jajibirin sauka? To, me ya sa kake zaton karatun wata huɗu zai shiga kanka a dare uku?

Darasin da aka yi yau, yau za ka biya shi, ko da tsakanin La'asar da Magariba ne. Ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗo abin da ke ciki da bakinka. Inda ka tsaya, nan ne gurbin da ba ka gane ba, ka koma masa. Ga ma'auni mai sauƙi: idan ba za ka iya bayyana wa abokin ɗakinka darasin da Hausa ba, Faransancinsa kawai ka haddace, kuma tambaya na sauya fuska zai gudu ya bar ka. Ka nemi mutum biyu ko uku masu himma ku riƙa zama kamar yadda mahaddata ke musaffa, wannan ya kawo, wancan ya kama masa kuskure. Darasin da ya fi ba ka tsoro kuwa ka ajiye masa sa'ar bayan Asuba, kafin zafi ya taso, kafin hayaniya ta farka.

Sai dai Asuba tun dare ake shirya ta. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i yakan raba darensa uku: ilimi, salla da barci. Namu daren fada da waya sun cinye shi. Ban haramta maka shayi ba, ni ma ina sha, amma wanda ya jira tafasa ta uku har ƙarfe biyu ya sayar da jam'in Asuba da darasin safe gaba ɗaya.

Akwai kuma ɗanmu mai kishin addini da ke barin aji saboda muhawara a zaurukan WhatsApp, yana ganin ibada yake. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya. Idan garinku ba shi da likita mace da za ta duba iyayenmu mata, ke da aka tura koyon wannan aiki kina kan farilla ne, kada kowa ya raina miki shi.

Wanda bai biya karatu kullum ba, ranar jarrabawa zuciya za ta raya masa satar amsa. Annabi (SAW) ya barranta daga mai ha'inci. Takardar da aka samu ta wannan hanya da ita za a ɗauke ka aiki, albashinta za ka ciyar da iyalinka, kuma wata rana a miƙa maka marar lafiya ko ginin da mutane za su kwana ciki. Ka tuna ma da wanda ya sayar da buhun gero ko rago don kuɗin motarka.

Ku kuma iyaye, idan kun kira waya kada tambayar ta tsaya kan ci da lafiya. Ku ce, “Me ka biya yau?” Ko ba ku san fannin ba, ku sa ya bayyana muku, za ku ji a muryarsa. Kuma a daina kiran ɗalibi gida don kowane biki da suna ana tsakiyar zango.

Wassalamu alaikum.