Kano ko Kwatano?

Malam Edita,

Ka ba ni fili in tsoma baki cikin gardamar matasanmu: in an sayar da wake da gyaɗa, Kano za a nufa ko Kwatano? Na taka duka biyun. Kwatano akwai teku da kasuwar Dantokpa, amma sai ka ratsa Doso da Gaya, kuma ciniki sai da tafinta. Kano kuwa, ka bi Maraɗi, Jibiya, Katsina, yini guda ka isa. A marinar Ƙofar Mata na ga dattijo yana tsamo zane daga baba, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, muka yi ta hira kamar ɗan garinmu. Samari, ku fara da Kano, teku ba ya gudu.

Naka,
Mai karatu daga Gazawa