Wutar Da Ke Cikin Injin Gas, Da Yadda A Ke Auna Ta

Zuwa ga Edita. A wannan mako ina so in yi wa masu karatu magana a kan injin gas, gama ko a nan Darki da shi a ke niƙa mana hatsi, shi ne kuma ke jan manyan motocin da ke wucewa Wudil da Kano. Kowa ya san inji yana zafi, amma kaɗan ne suka san iyakar zafin.

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan inji, ya kuwa tashi sosai a garin Augsburg cikin 1897. Ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistan ne ke matse iska cikin silinda har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 na girmanta, ko ƙasa da haka, matsin nan ya sa zafinta ya wuce digiri 500. Sa'an nan nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Harshen wutar ya kan kai wajen digiri 2,000. To, alminiyam da a ke yin fistan da yawa da shi, irin na tukwanen nan, yana narkewa a digiri 660. Me ya hana fistan narkewa? Wutar ba ta daɗewa, ƙarfen kuma yana miƙa zafin ga ruwa da baƙin mai. A ƙiyasi, wajen sulusin ƙarfin man ne ke zama aiki, saura ya fita ta salansa da ta ruwan sanyaya inji.

Wuyar abin ita ce awo. Injin Lister na Ingila mai ƙarfin doki 6 yana juyawa sau 650 a minti, watau wuta tana tashi cikinsa sau 325, fiye da sau 5 ke nan kowace daƙiƙa. Ma'aunin zafi irin na asibiti ba shi da amfani a wurin. Dabarar da masana suka kama ta samo asali daga binciken Thomas Seebeck na 1821: idan an haɗa bakin waya biyu na ƙarfe iri daban daban, aka gasa mahaɗin, sai ɗan lantarki ya fito gwargwadon zafin. Sai a huda kan inji, a dasa mahaɗi guda mai sirantaka ƙwarai daidai da fuskar ƙarfen da wuta ke lasa, a dasa wani can ciki kusa da ruwa. Daga bambancin biyun, da yadda na fuskar ke hawa da sauka, a ke lissafa yawan zafin da ke ratsa ƙarfen. Gustav Eichelberg na Zurich ya buga awonsa na manyan injuna cikin 1939, Gerhard Woschni kuma ya fitar da lissafi cikin 1967 wanda injiniyoyi ke aiki da shi har yau.

Abin da aka gano ya isa a yi tunani. Zafin ba a hankali ya ke shiga ba, dukan tsiya ya ke yi wa ƙarfe cikin ƙiftawar ido, daidai lokacin da mai ya kama. Duk da haka fuskar ƙarfen ba ta hawa da sauka sai da 'yan digiri kaɗan, in an nutsa kamar milimita guda ma ba a jin motsin. An kuma gane kunkunniyar da ke cikin wutar tana haska zafi ga bango kamar garwashi, abin da bai cika yawa a injin fetur ba.

Nan ne maganar ta shafi mai injin niƙa. Wanda ya ɗora wa inji kaya har yana aman baƙin hayaƙi, man da ya saya da tsada ya ke zubarwa, yana kuma gasa fistan da bawul. Wanda ke cika ganga da ruwa mai laka ko mai gartsi, lalle ɓawo zai kama hanyoyin ruwan kamar yadda ya ke kama cikin buta, zafi ya rasa mafita, ƙarfe ya ɗauka alhali gangar ba ta nuna kome ba. Mafi muni kuwa shi ne sheƙa ruwan sanyi ga injin da ya ƙafe ya yi zafi. Waje ya tsuke, ciki yana buɗe, sai kan inji ya tsage, kuɗin niƙan watanni ya tafi wurin makanike.

Tun da akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda aka buɗe cikin 2001 aka sa mata sunan Aliko Dangote cikin 2022, ina roƙon malamanta su sa ɗalibai su auna injunan ƙauyukan nan da irin ruwan rijiyoyinmu, cikin zafin bazara, su rubuta mana sakamakon da Hausa.

Naku,
Akawu, Darki.