Magana A Kan Likita Da Mai Roƙon Mutuwa

 A sani cewa tun shekarar 2002 doka a ƙasar Holan da ta Beljiyam ta yarje wa likita ya yi wa majinyaci allurar da za ta kashe shi, idan shi ya roƙa. Dokar ta haɗa har da mai ciwon ƙwaƙwalwa, kamar baƙin ciki mai tsanani. A Holan, cikin 2023, mutum 138 aka yi wa haka saboda irin wannan ciwo.

Masu dokar sun sa sharuɗɗa: roƙon ya zama da son ransa bayan tunani, azabar ta kai matuƙa ba alamar sauƙi, wani likita dabam ya duba shi. Hujjarsu tausayi. Azabar kuwa gaskiya ce, ba mai musun ta sai wanda bai taɓa jinya ba.

Amma ga inda maganar ta karye. Likitoci da kansu sun lissafa yanke ƙauna da son mutuwa cikin alamun ciwon. Ashe sau da yawa ciwon ne ke magana da bakin mai shi. Fiƙihu ya sa waliyyi ya tsare dukiyar wanda hankalinsa ya raunana, don kada a saye masa gona da arha. To, yaya za a tsare gona a saki rai? Ciniki idan ya ɓaci ana warware shi, wanda aka binne ba ya dawowa.

Kuma babu wani awo da ke tabbatar da cewa irin wannan ciwo ba zai yi sauƙi ba. Kanada ta halatta abin a 2016, amma a 2024 ta sake ɗage shigar da masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai zuwa Maris 2027, don ba ta shirya ba.

Rai amana ce, Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Saboda haka wanda ya ji ɗan'uwansa yana fatan mutuwa, kada ya tsawata masa, kada ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Ya zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti, a haɗa magani da addu'a. Allah ne mafi sani. Tamat.