Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Renon 'Yan Wasa Ko Sayo Su?

Na san wasu za su ce wannan mujalla ba filin ƙwallo ba ce, to amma ku yi mini haƙuri, abin da ke cina ya wuce tamaula.

Binciken digirina na biyu a kan sufurin kaya ta ruwa ne, saboda haka nakan leƙa Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda lokaci zuwa lokaci. Duk wanda ya tsaya a can ya ga yadda ake sauke shinkafa da motoci da dabbobi, zai gane cewa mai kuɗi ba ya rasa abin da yake so. Amma ta wannan gaɓar teku ce kuma kakanninmu suka shigo, bayan sun ratso Chadi da Sudan a ƙafa, suka hau jirgi a Sawakin suka tsallako Bahar Maliya. Da yawansu ba su koma ba. Jikokinsu ne ake kira Hausawi a yau, kuma su ne hujjata ta farko.

A Gasar Kofin Duniya ta 2018 a Rasha, tawagar Saudiyya na ɗauke da 'yan baya uku masu wannan suna: Usama Hausawi, wanda shi ne kyaftin, da Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi. Kafin su akwai Muhammad Nur, haifaffen Makka, wanda da shi kulob ɗin Ittihad na nan Jidda ya ci kofin zakarun Asiya sau biyu a jere, a 2004 da 2005. Babu wanda ya sayo waɗannan daga Turai. A ƙasar nan suka tashi, a kulob-kulob ɗinta aka rene su.

To, sai ga 2023. Asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na manyan kulob huɗu, ciki har da Ittihad da Ahli na Jidda. Nan da nan Ittihad ta sayo Benzema da Kante da Fabinho, Ahli ta sayo Mahrez da Firmino da gola Mendy. Ba zan yi ƙarya ba, sayen ya yi rana: a 2025 Ittihad ta ci gasar lig, Ahli kuma ta ɗauki kofin zakarun Asiya a gaban jama'arta. Amma ku tambayi Roberto Mancini, wanda ya horar da tawagar ƙasar daga Agustan 2023 zuwa Oktoban 2024. Kukan da ya yi ta yi a bainar jama'a shi ne 'yan wasansa da yawa a benci suke ƙare mako a kulob ɗinsu, saboda baƙi sun cinye gurabe. Ƙasar da za ta karɓi Kofin Duniya a 2034 ke nan, mai arzikin mai, ta ga iyakar saye. Ina ga mu?

'Yan'uwanmu da ke Amurka sun san irin wannan muhawara a ƙwallon jami'o'insu, wadda ake yi da hannu da hular kwano. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, aka kuma yarda a 2021 ɗalibi ya koma wata jami'a ya buga nan take, kowane koci ya shiga tsaka mai wuya: ya ɗauko yaron sakandare ya jira shi shekara biyu ko uku, ko ya ɗauko wanda wata jami'a ta riga ta gyara? Deion Sanders ya sauya kusan dukkan 'yan wasan jami'ar Colorado a 2023, ya ci wasa 4 ya sha kashi 8, a shekara ta biyu ya ci 9. Ma'ana, sayen na iya yi, yana iya ƙi. Sai dai a can ba a taɓa rufe gasar makarantun sakandare ba, ita ce gonar da kowa ke girbi a cikinta.

Yanzu mu dawo gida. Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi Warriors, Wikki Tourists, duk na gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin talaka ake tafiyar da su. Wai shin wace al'ada muka ɗauka? Kaka ta ƙare a sallami jama'a, a kira gwaji, a kwaso waɗanda wasu kulob suka saki, a canza koci, baɗi a sake. Shugaban da bai san ko zai kai ƙarshen shekara a kujerarsa ba, ina zai iya jiran yaro ɗan shekara sha biyar? Ga shi kuma yaran suna nan. Gasar Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala ta daɗe tana tara matasa. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma kyaftin ɗin 2013, Musa Muhammad, ɗan Kano ne. Ba iri muka rasa ba, manomi mai haƙuri muka rasa.

Za a ce mini ai Ahmed Musa ma daga Jos aka kawo shi Pillars. Haka ne, kuma wannan shi ne irin sayen da nake goyon baya. Yana matashi bai kai ashirin ba aka ɗauko shi, aka ba shi riga, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce Holan, Rasha da Ingila. Da a benci aka ajiye shi don a girmama wani tsohon hannu da aka biya kuɗin sa hannu, da wa zai ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, da biyu a ragar Iceland a 2018? Saye na toshe gurbi ne: ka rasa gola, ka nemo, yaranka ba su da babba a tsakiya, ka kawo gogagge ɗaya ko biyu su koya daga gare shi. Ba a gina ɗaki da faci.

Kada mu ɗauka laifin na shugabanni ne kawai, mu ma ɗalibai muna ciki. Na ga wata ƙungiyar ɗalibai da ta shiga gasar sada zumunta. Sababbin zuwa sun yi watanni suna atisaye bayan la'asar, amma ranar wasa shugabanni suka kawo sojojin haya uku da ko katin ɗalibta ba su da shi. An ci wasan, an yi murna, an ɗauki hoto. Shekarar da ta biyo, aka kira atisaye, mutum biyar muka tarar da kanmu a fili. Wa zai sake zubar da gumi ya san ranar biki wani za a ɗaura wa rawani? Irin wannan muke yi a wasannin makarantu a gida, sannan mu zo muna mamakin yadda aka daina samun 'yan wasa.

Saboda haka ga kirana. Kulob ɗin da ke cin kuɗin jiha a tilasta masa ƙungiyar yara ta gaskiya, mai koci da albashi, a kuma ware wa yaran da ya rena gurabe a babbar ƙungiya, su riƙa shiga fili. A farfaɗo da gasar makarantun sakandare, a kori duk makarantar da ta kawo sojan haya ko ta rage shekaru. Mu kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuɗin da muke kashewa a liyafa zai sayi ƙwallaye da riguna, ya gyara filin makarantar da muka baro. A tamu ƙungiyar kuwa, a sa a doka: wanda bai zo atisaye ba, ba zai sa riga ba, ko da za a lallasa mu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da ja, fili na nan, ina jiran martaninsa a fitowa ta gaba.