Wai Ƙuri'ar Ƙaramar Jam'iyya Asara Ce?



Akwai wata magana da ta ke yawo a kasuwar Sabon Gari da ta Samaru duk sa'ad da zaɓe ya gabato. Mun ji ta a rumfar 'yan hatsi, mun ji ta a bakin 'yan tireda da masu shayi. Maganar kuwa ita ce, wai mutumin da ƙaramar jam'iyya ta kan tsayar neman kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya mutumin kirki ne, an yarda, amma tun da ba zai ci ba, ba shi ƙuri'a daidai ya ke da ɗiban ruwa da kwando, gara a bi manya. Masu faɗin haka ba wawaye ba ne, mutane ne da suka iya lissafi, ba su kuwa saba sa jarinsu inda ba riba ba. Saboda haka da lissafi za mu amsa musu, kuma daga gida za mu fara ɗauko misali.

An kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Abin da ta tsaya a kai shi ne 'yancin talaka: kada a kama shi ba bisa laifi ba, kada a sa shi aikin tilas, kada a ƙwace masa abin da ya nema da guminsa, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa ya kwana a ɗakinsa. A zaɓen 1951 mutanenta sun yi nasara a hawan farko a Kano, amma da ya ke zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon ƙara nata mutane a hawa na ƙarshe, sai aka tashi ba su da kujera ko ɗaya. A 1954 Malam Aminu Kano ya nemi kujerar Majalisar Wakilai ta Ikko, Malam Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. A 1956 ya nemi ta Majalisar Jihar Arewa, nan ma bai samu ba. Da ya bi shawarar masu cewa ba a tsayawa sai an tabbata za a ci, da tun ran nan ya naɗe tabarmarsa ya koma koyarwa.

Bai koma ba. Ran 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen Tarayya na farko da kowane namiji baligi na Arewa ya jefa ƙuri'a da hannunsa, kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa, NPC fartanya, NEPU tauraro. Kujeru 312 ne a majalisar. NPC ta kwashe 134, NEPU kuwa, da ƙuri'a fiye da 500,000, ta sami 8 kacal, cikinsu har da ta Kano ta Gabas wadda Malam Aminu ya ci. Shekara biyar bayan haka, a zaɓen 1964, kujerar ta kuɓuce masa. Kadan kujera kaɗai za a ƙidaya, lalle masu maganar asara sun yi gaskiya.

To, amma ku dubi abin da ya faru a nan Sabon Gari. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar matan jam'iyyar. Ta sha duka, ta sha ɗauri har sau 16 bisa ga lissafin da aka sani, tana yawon neman wa waɗansu ƙuri'a alhali kuwa ita kanta doka ba ta ba ta ikon jefawa ba, domin a 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa an hana su. Wace riba mai lissafi zai ce ta ci? Ribar ita ce katin zaɓen da ke ƙulle a bakin zanen kowace mai sayar da kayan miya a kasuwannin nan biyu. Matan Arewa sun sami ƙuri'a a 1976, suka shiga zaɓen ƙasa a 1979, Hajiya Gambo kuwa Allah ya nuna mata da idonta kafin ta rasu a 2001. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta ya ke ɗauke da shi.

Haka sauran buƙatun suka bi. Kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari, waɗanda da su a ke tanƙwara ɗan hamayya, an fitar da su daga hannun En'e a zamanin mulkin Janar Gowon. Haraji da jangali, waɗanda saboda su magidanci kan gudu ya bar iyalinsa, an soke su a Kano da Kaduna a 1979, sa'ad da PRP, magajiyar NEPU, ta kawo Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa. Ba mu ce NEPU ita kaɗai ta yi wannan duka ba. Abin da mu ke cewa shi ne, ita ta yi ta nanata maganar a lacca da kotu da majalisa har ta zauna a kunnen jama'a, masu mulki kuma suka ga mutum rabin miliyan sun tsaya a bayanta, ba su da halin toshe kunne har abada. Kowace ƙuri'a da ta shiga akwatin tauraro an ƙidaya ta, waɗanda suka fi kowa ƙidayarta kuwa su ne waɗanda suka ci zaɓen. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wani zai ce, to mun ji, amma me ya sa ku ke damunmu da kujerar majalisa, ai gwamna da shugaban ƙasa su ne masu abin? Amsa tana nan cikin jiharmu. A 1979 talakawan Kaduna sun zaɓi Balarabe Musa gwamna, amma suka bar wa NPN kujeru 64 cikin 99 na majalisar jiha. Majalisar nan ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a watan Yuni na 1981 kuma ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A majalisa a ke yin doka, a nan a ke yanka kasafin kuɗi, a nan a ke kiran minista a tambaye shi inda kuɗin hanya ya shiga. Wanda ya raina majalisa ya raina tukunyar da a ke dafa masa tuwo.

Ba za mu ruɗe ku ba. Wakili ɗaya cikin 360 ba zai soke kuɗin tikitin da a ke karɓa a ƙofar kasuwa ba, wannan sha'anin ƙaramar hukuma ne da jiha. Ba zai sauko da kuɗin buhun masara ranar da aka rantsar da shi ba. Abin da zai iya shi ne ya tashi ya yi magana ba tare da ya waiwaya ya ga ko ubangidansa ya ɓata fuska ba, domin ba wanda ya saya masa tikiti. Zai iya faɗin yawan shingayen da a ke tatsar direban da ya ɗauko tumatir da albasa zuwa Kudu, da yadda kuɗin nan ya ke komawa kan mai saye da mai sayarwa. Kuna da haƙƙin tambayarmu ko ba zai ci da sunanmu ya tsallaka wurin manya ba, gama an sha yin haka, har a zamanin NEPU. Maganinsa shi ne ku san mutum tun kafin a tsayar da shi, ku sa shi ya yi alkawari a gaban jama'a, reshe kuma ya riƙa kiransa ya ba da bayani.

Akwai kuma darasi daga waje. A Amurka akwai jam'iyya ta uku da a ke kira Libertarian, watau masu cewa hukuma ta rage sa hannu cikin sha'anin mutum da dukiyarsa. An kafa ta a 1971, ta kan tsayar da 'yan takara a ko'ina, amma ba ta taɓa cin kujerar majalisar tarayyarsu ta hanyar zaɓe ba. Mun yarda da su a kan a bar mai nema ya nema, mun rabu da su a kan makaranta da asibiti, domin mu muna ganin wajibin hukuma ne ta yi wa talaka su. Abin lura shi ne magoya bayansu a warwatse su ke cikin ƙasa duka, kujera kuwa a mazaɓa ɗaya a ke cinta, wanda ya fi yawa ko da ƙuri'a ɗaya ce shi ya ɗauka. Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas ne saboda shekara tara aka yi ana kafa rassa unguwa-unguwa, cikin teloli da mahauta da 'yan koli.

Mazaɓarmu ta Sabon Gari ta fi ko'ina dacewa da irin wannan aiki. Garin jirgin ƙasa ne, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe suna kasuwa ɗaya, waɗansunmu makarantar allo muka yi, waɗansu ta mishan, kuma mai karɓar tikiti bai taɓa tambayar addinin kowa ba. A Samaru ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da ma'aikatanta da ɗalibanta. Daga Muciya zuwa Cikaji, daga Hanwa zuwa Basawa da Bomo, mun isa mu aika da wakili namu na kanmu in mun haɗa kai.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Kowa ya nemi katinsa na zaɓe ya adana. Kowace rumfa ta fitar da mutum ɗaya da zai riƙa zuwa taron reshe. Ranar zaɓe kada a jefa a tafi, a tsaya har a ƙidaya a rubuta sakamako a gaban kowa. Masu rabon taliya da atamfa kuwa za su zo kamar yadda suka saba, ku tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuma shekara huɗu a ke yinsa. Ƙuri'ar da aka sayar, ko wadda aka bari a ƙarƙashin katifa, ita ce asara. Wadda aka ba mai gaskiya, ko bai ci bana ba, iri ce aka shuka.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.

Akawun Reshe, Sabon Gari, Zariya.