Maigida da Motarsa: In Inji Ya Yi Zafi, Ina Za a Duba?

A watan nan za mu yi magana a kan zafin inji, gama bazara ta ƙarato, lokacin da zafin rana a ƙasar Daura yakan wuce digiri 40.

A bazarar bara mun ɗauki yara daga Kano, muka bi ta Kazaure, don su ga rijiyar Kusugu da suka karanta labarinta a makaranta. Duk tsawon hanya allurar zafi tana tsakiya. Da muka shiga cikin Daura muka rage gudu saboda babura da masu talla, sai allura ta soma hawa. Kafin mu tsaya kusa da rijiyar ta kai ja. Wani saurayi ya zo ya ce gaskit ne ya ƙone, a kwance inji. Muka ce a dakata tukuna. Da aka bincika, ashe fiyus ɗin fanka ne ya mutu. Abin da bai kai kuɗin abincin rana ba ya kusa cinye mana albashin wata.

To, yaya muka gane? Sai mu fara sanin yadda inji yake shan iska. Ruwa yana zagaya cikin inji ya kwashi zafi, famfon ruwa ya tura shi lagireto, iska ta huce shi, ya koma. Ruwa yakan tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In abu ɗaya cikin waɗannan ya kasa, zafi ya zo.

Da fari, in allura ta hau, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefen hanya, a kashe inji. Kada a taɓa murfin lagireto sai bayan minti 30 ko fiye. Tafasasshen ruwa yana iya feshe fuskar mutum ya saɓule masa fata. A janye yara nesa. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Bayan ya huce, sai mu yi wa kanmu tambaya huɗu.

Ta ɗaya, ruwa ya ragu? In ya ragu, akwai inda yake bi. A duba ƙarƙashin mota, da bakin kowane tiyo, da gindin famfon ruwa, da robar murfin lagireto. Farin tabo kamar na kanwa yakan nuna inda ruwa ya daɗe yana ɗiga.

Ta biyu, yaushe zafin yake zuwa? In a cikin gari ne ko a tsaye, amma a babbar hanya ya sauka, laifin fanka ne, gama gudu da kansa yana kawo iska. Abin da ya same mu ke nan. A tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, fambel ne yake juya fanka da famfon ruwa, sai a duba ko ya saki ko ya tsinke. Yawancin motocin yanzu fankarsu ta lantarki ce, sai a duba fiyus da waya. In kuwa a kan gudu ne ko da kaya mai nauyi zafin yake zuwa, sai a zargi lagireto. Ƙurar hunturu da ciyayi sukan toshe shi ta waje, ruwan rijiya kuma yakan bar dattin da ke toshe shi ta ciki.

Ta uku, ruwan yana zagayawa? Akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat, wadda takan buɗe wajen digiri 80 zuwa 90. Wani lokaci takan maƙale a rufe. Kun tuna labarin macijin Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi? Haka take yi, ga ruwa cike amma inji bai samu ba. Alamarta ita ce zafi ya hau da wuri bayan an tashi mota, tiyon sama kuwa bai yi zafi ba. Wasu makanikai sukan cire ta su yar. Mu dai shawararmu a sa sabuwa, domin injin da ba shi da ita yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya kuma lalace da wuri.

Ta huɗu, gaskit ne? Alamunsa uku ne: farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ƙumfa tana tasowa a lagireto in inji yana aiki, baƙin mai kuma ya koma kamar koko. In an ga waɗannan, kada a ci gaba da tafiya, a nemi mai ja. Sau da yawa gaskit ba shi ne mafarin ciwon ba, zafin da aka ƙyale ne ya ƙone shi. Saboda haka in an canja shi, a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba za a koma gareji.

Kafin kowace doguwar tafiya, da safe inji yana da sanyi, a duba ruwa da baƙin mai da fambel. A zuba ruwan lagireto na gora, a bar ruwan rijiya sai in dole ta sa. A riƙe galan na ruwa da fiyus biyu a mota. Uwargida ma, in kina zaune a gaba, ki riƙa leƙa allurar nan, gama idon maigida yana kan hanya.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa, za mu yi magana a kan birki.