Su Ke Riƙe Da Majami'a, Mu Ke Riƙe Da Kujera

'Yan'uwa cikin Almasihu, bari mu faɗi abin da kowane fasto a ƙauyukan Bichi, Tsanyawa da Kunchi ya sani, amma ba ya so a ɗaga a taro. Da zarar an kai gero rumbu an cire gyaɗa, maza sun kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu har Legas. Daga nan har saukar damina, wa ke buɗe majami'a? Zumuntar Mata. Su ke shara, su ke ziyarar marasa lafiya, su ke koyar da makarantar Lahadi, baikon ma yawanci daga kuɗin ƙuli-ƙuli da daddawarsu yake fitowa. Amma ranar da za a zauna a yanke yadda za a kashe kuɗin, sai a ce su kawo abinci su koma waje.

A wata ikkilisiyarmu mai bishara ya kwanta ciwo. Wata gwauruwa da ta iya karatu ta riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki tana karanta wa jama'a. Dattawa biyu suka dawo daga birni suka hana ta, suka kuma koma abinsu. Lahadi uku ƙofa na kulle. Wannan ne biyayya ga Maganar Allah?

Mun san 1 Timoti 2:12 da 1 Korantiyawa 14:34, mun yi jarrabawa a kansu a makarantar tauhidi, ba mu kuwa share su ba. Sai dai Bulus ɗin nan ne ya yaba wa Fibi mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya a Romawa 16, shi ne kuma a 1 Korantiyawa 11 ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci. Biriskila da mijinta Akila ne suka gyara wa Afolos koyarwarsa. Da aka tsinci Littafin Shari'a a Haikali, wurin annabiya Hulda manzannin Sarki Yosiya suka je. Mai riƙe aya biyu ya rufe ido ga sauran, al'adar gidansu yake karewa.

Ga kuma abin da ya fi damunmu. A ƙasar nan namiji ba ya wuce zaure. Yarinyarmu da aka aurar wani gari, ko matar da ta daina zuwa sujada, fasto ba zai kai gare ta ba, mace ce kaɗai ke shiga. Maƙwabtanmu Musulmi sun gane haka tuntuni: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, mata ta horar ta aika ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu. Mu kuwa muna aika namu hannu wofi, sai waƙa da haddar aya.

Ba zancen naɗa mata fastoci muke yi yau ba. Ikkilisiyar Firesbiteriya ta naɗa Mgbeke Okore tun 1982, wasu ɗarikun kuma har yanzu ba su yarda ba. Wannan shugabanni ne za su zauna a kai. Roƙonmu bai kai can ba. A ba shugabar Zumuntar Mata kujera da bakin magana duk lokacin da ake zancen kuɗi da horon ikkilisiya. Kowace gunduma ta ɗauki nauyin mace zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa don kanta, ko da mijinta ba ɗalibi ba ne. Inda babu mai bishara kuma, a bar wadda ta iya ta buɗe Littafin. Za mu kawo waɗannan a rubuce a taron gunduma mai zuwa, wanda bai yarda ba ya zo da ayarsa.